Fainal ɗin Nigerian Idol ranar Lahadi: su wa ke kallo a Katsina, kuma ƙuri'ar nan tana aiki kuwa?

Ɗiyar Ƙofar Marusa:

Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah su wa ke bin gasar waƙa ta Nigerian Idol ta bana, 2023, a nan Katsina, ko ni kaɗai ce da ƙannena? Ranar Lahadin nan 16 ga Yuli ne fa fainal, saura Victory Gbakara da Precious Mac, wlh tun da aka ce su biyu suka rage na kasa samun natsuwa, ko tuwo nake tuƙawa sai in ji muryar yarinyar nan a kunnena. Ni dai Precious nake yi ba ɓoye-ɓoye, in ta ja murya sama har tsigar jikina ke tashi, kuma ba ta da rawar kai a kan dandamali. Gidanmu ya rabu biyu, ƙanena da 'yan ɗakinsu duk Victory suke yi, ni da Umma da ƙanwata muna wajen Precious, har Umma da ba ta jin turanci sosai in an zo kanta sai ta ce a ƙara sauti.

To abin da nake son sani, ƙuri'ar nan da ake cewa a jefa da gaske ita ke fidda gwani ko dai alƙalai sun riga sun gama shirinsu mu ana sa mu ɓata data kawai? Don wata ƙawata ta rantse min wai duk tsari ne. Sannan masu GOtv ya ake jefawa, a waya ne ko ta dikoda? Kuma ku ba ni shawara kan wuta, kun san halin da ake ciki, ga fetur ya yi tsada ga damina, ba na so ana cikin faɗin sakamako hoto ya tsaya. Wani abu kuma da ke ci min rai, mi ya sa duk shekara ba ka ganin namu sun kai wannan matakin? Muna da muryoyi fa a garin nan.

Abba Layout:

Wa alaikumus salam 'yar uwa, ba ke kaɗai ba ce, muna nan da yawa sai dai kowa a ɗakinsa yake kallo ba a cika faɗa ba. Ni Victory nake yi kuma in sha Allah shi zai ɗauka, mutumin nan ko wace irin waƙa aka ba shi sai ya maida ita tashi, ga shi ya karanta lauya amma ya zo ya tsaya a kan abin da yake so, wannan kaɗai ya burge ni.

Maganar ƙuri'a, aikin alƙalai su Obi Asika da Simi da D'banj yana da ƙarfi ne a farko lokacin tantancewa, su ke cewa wannan ya wuce wannan ya koma gida. Amma da zarar an shiga wasan kai tsaye to sharhi kawai suke yi, masu kallo ke yanke hukunci, shi ya sa za ki ga wanda alƙalai suka yaba ranar Lahadi wani satin an sallame shi. Ba ta dikoda ake jefawa ba, a waya ne. Ki sauke manhajar MyGOtv ki shiga da lambar dikodarku, masu DStv kuma MyDStv, sannan akwai shafin Africa Magic na intanet shi ma ana jefawa bayan an yi rajista. Yawan ƙuri'ar da ake ba mutum a manhaja ya danganta da irin kuɗin watan da yake biya, mai babban tsari ya fi mai ƙarami. Kuma kar ki bari sai Lahadi, ana rufewa tun kafin ranar, ki yi yau ɗin nan in kina da data.

Wuta kuwa kar ki dogara da ita ko kaɗan. Tun da aka cire tallafin fetur ƙarshen watan Mayun 2023 lita ta haura naira 500, na sani da ciwo, amma ku yi karo-karo a gida ku sayi kamar lita biyu zuwa ukku tun ranar Asabar, ƙaramin janareto in talabijin da dikoda da fanka ɗaya kawai aka ɗora masa zai kai ku har a tashi. A duba bakin mai da fulogi da rana, ba sai an fara ba a tsaya ana ja yana ƙi. Ƙarfe 7 suke farawa, wato daidai kiran magariba a nan, to ku yi sallarku a natse, farkon duk gabatarwa ce da waƙoƙin baƙi, mai gabatarwa IK ba ya faɗin sakamako sai can ƙarshe bayan ya ja wa mutane rai. In hadari ya taso masu dish su ne ke fara rasa hoto, don haka a ajiye waya ɗaya da caji da data saboda ko-ta-kwana.

Dattijon Daura:

Ɗiyata tambayarki ta ƙarshe ita ta sa na tsaya zan yi rubutu, don ni na daɗe ina bin irin waɗannan gasa tun kuna ƙanana. A 2007 aka yi Idols West Africa, Timi Dakolo ɗan Bayelsa ya ci, Omawumi 'yar Delta ta zo ta biyu. Shekara ta zagayo aka fara Project Fame, Iyanya ya ɗauki na farko a 2008, Chidinma ta ɗauka a 2010. Shi wannan Nigerian Idol ɗin Yeka Onka ce ta fara ci a 2011, sai Mercy Chinwo 'yar Ribas a 2012, aka yi ta yi har 2015 sannan aka tsaya, sai 2021 aka dawo da shi Kingdom ɗan Bayelsa ya ci, bara Progress ɗan Delta, ga shi bana ma Victory da ya kai fainal ɗan Delta ne. Ki dubi jerin nan da kyau ki ga yankin da ke yawan maimaituwa.

Ba wai Allah ya ba su maƙogwaro ya hana mu ba ne. Yawancin yaran nan a ƙungiyar mawaƙan coci suka tashi, tun suna ƙanana duk sati suna gaban makirfo da masu kiɗa a bayansu, an koya masu inda za su shiga da inda za su ja numfashi, sun saba da idon jama'a. Ranar da suka hau wancan dandamalin ba baƙon abu ba ne gare su. Namu yaron kuwa mai murya ina yake koyo? A situdiyo, da kwamfuta tana gyara masa murya, bai taɓa tsayawa da makaɗa kai tsaye na minti biyar ba. Sannan in nasu ya shiga, garinsu gaba ɗaya ke tashi, coci da makaranta da 'yan unguwa kowa na jefa ƙuri'a yana tura wa wani. Mu kuwa kallo muke yi mu yaba mu kwanta.

Abin da ke ba ni takaici shi ne ƙasar nan ce ta haifi Alhaji Mamman Shata, mutumin Musawa, wanda zai tsaya gaban makaɗan kalangu ya ƙirƙiri waƙa nan take ba takarda ba maimaici, har ya rasu a 1999 ba a ga ya gaza ba. Wannan shi ne ainihin waƙar kai tsaye, kuma da za a ce 'yan gasar nan su gwada haka da yawansu ba za su kai ko'ina ba. To amma wa ya gina wa jikokinsa matakala? Kuma mun iya shirya gasa fa in mun so. Ku dubi musabaƙar Alƙur'ani da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ke jagoranta tun 1986, daga ƙaramar hukuma zuwa jiha zuwa ƙasa baki ɗaya, yaro daga ƙauyen Mai'aduwa ko Zango zai iya hawa har sama in ya iya. Kar wani ya ce na haɗa Alƙur'ani da waƙa, Allah ya tsare ni, tsarin nake nufi. Da za a samu tashar Hausa ta yi irin wannan tsari ga waƙa, da kalangu da gurmi da kuntigi da fiyano duka, a ce yaro ya rera da bakinsa ba na'ura, aradu da kun ga abin mamaki daga Daura kaɗai.

Anti Hajjo Rafindadi:

Baba na yarda da kusan duk abin da ka faɗa amma akwai inda ba ka taɓo ba, kuma mu mata mu muka san shi. Ko yau aka kawo gasar filin folo na Katsina, ɗiya mace nawa za a bari ta hau? Yanzu ma fa tantancewar farko ta intanet ake yi, ɗan gajeren bidiyo mutum zai ɗauka yana waƙa ya tura, ba sai ya je Legas tun farko ba, to ba nisa ne kaɗai ya hana mu ba. Akwai wata yarinya a dangin maigidana, in ana kamu ko wunin biki ita ke ba da waƙa mata na amshi, wlh in ta fara har masu rabon abinci sai sun tsaya da faranti a hannu. Na taɓa ce mata ta tura bidiyo, ta ce Anti ko na tura aka kira ni wa zai bar ni in yi watanni a Legas, kuma in na dawo wa zai aure ni. Ban iya ce mata komi ba don gaskiya ta faɗa. Iyaye ba mugunta suke yi ba, suna ganin irin shigar da ake yi a dandamalin da irin zagin da ake wa 'yan mata a Facebook da TikTok, dole su ji tsoro.

Amma Barmani Choge fa mace ce, a Funtuwa ta tashi, da ƙwarya ta yi suna har ta rasu a 2013 mata na alfahari da ita. Kenan akwai hanyar da za a yi abin cikin mutunci in an so. Ni in za a yi irin gasar da Baba ke faɗa to a sa mata cikin masu shiryawa, a bar yarinya ta zo da yayarta ko gwaggonta, ta yi shigarta ta gida.

Ke kuma ƙanwata ina bayanki, Precious nake yi. Mata ukku sun taɓa ci a baya, Yeka da Mercy da Evelle a 2014, amma tun da aka dawo maza ke ɗauka, ya isa haka. Na jefa tawa jiya na kuma karɓi wayar maigida na jefa.

Mai Gidan Kallo Sabuwar Unguwa:

Jama'a tunda Firimiya sai 11 ga Agusta za a dawo kuma benci na zaune ba kowa, ni zan kunna fainal ɗin ranar Lahadi bayan magariba, in an kira isha'i mu tsaya a yi salla a dawo. Satin da ya wuce wasu samari suka roƙe ni na sa masu, kafin a tashi sai ga ɗaki ya cika ana musu kamar ranar Madrid da Barca, wani har ya hau benci. Kuɗin shiga dai sai an ɗan ƙara saboda mai, kowa ya san yadda ake. Naira miliyan 35 fa za a ba wanda ya ci a hannu, ga sabuwar mota, in an haɗa kyaututtukan duka miliyan 100 ake magana, ai dole a zo a ga mai rabo.

Ɗiyar Ƙofar Marusa:

Na gode ƙwarai Yaya Abba, na sauke manhajar na jefa, ashe abin ba wuya, na tura wa 'yan gurup ɗinmu na makaranta su ma su yi. Mai gidan kallo Allah ya ba da kasuwa amma ka san mu ba za mu iya zuwa ba, a tsakar gida za mu fiddo talabijin in ba hadari, maƙwabta mata ma sun ce za su shigo kowa zai kawo abin da ya samu na kuɗin mai. Baba na karanta wa Umma abin da ka rubuta, da aka zo kan Shata sai ta ce a gaishe ka, ta ce ta taɓa ganinsa da idonta a wani biki tana budurwa. Anti Hajjo maganar yarinyar nan ta tsaya min a rai, dan Allah ko a waya ki ɗauko mana muryarta mu ji, ba sai an sa fuskarta ba.

Abba Layout:

An gama fainal, Victory ne ya ci!!! Alhamdulillah, wlh lokacin da IK ya tsaya ya yi shiru da takarda a hannu ji na yi kamar zuciyata za ta fito, yana faɗin sunan yaran layinmu suka fasa ihu har wani dattijo ya leƙo yana tambaya ko ƙwallo ake. 'Yar uwa ki yi haƙuri, Precious ta yi ƙoƙari matuƙa, kuma ki tuna Omawumi ma ta biyu ta zo a 2007 amma ga inda ta kai yau.

Anti Hajjo Rafindadi:

Ni kam har ƙwalla na yi, amma ba komi yaron ma ya cancanta, Allah ya sa masa albarka a ciki. Ƙanwata na yi wa yarinyar magana ɗazu, ta ce za ta rera amma sai na fara tambayar mahaifiyarta, gobe in na je gidan zan gwada. Baba in da gaske kake kan gasar Hausa ɗin nan ka rubuto yadda kake ganin za a fara ko da a matakin unguwa ne, akwai mai wurin taro a nan kusa da mu da zan iya yi wa magana kan kuɗin haya.