Dan Allah me za mu kira interrupt da Hausa? Gobe da safe nake da darasi

Malama Mai Darasi: Salamu alaikum 'yan'uwa. Gobe zan koyar da yadda katin sadarwa na cikin kwamfuta ke miƙa wa babbar manhaja bayanai, kuma na yi wa ɗalibaina alkawarin da Hausa za mu yi, to na maƙale a kalmar interrupt. Abin da nake so su gane shi ne, duk fakitin bayanan da ya iso katin yakan aika wa masarrafin kwamfuta sigina ya ajiye aikin da ke hannunsa, ya adana inda ya tsaya, ya je ya karɓi saƙon sannan ya dawo ya ɗora. In fakiti kaɗan ne ba komai, amma layin gigabit 1 yana iya kawo ƙananan fakiti masu bayit 64 kusan miliyan 1.48 a daƙiƙa guda, to in kowanne sai an tsayar da masarrafi ai ba aikin da zai yi. Ina neman sunan siginar, da sunan dabarun rage ta.

Ɗan Linux: Wa'alaikumus salam Malama. Katse hanzari. Shi muke cewa in za mu tsayar da mai magana, kuma da niyyar ya ci gaba in mun gama, wanda shi ne ainihin abin da ke faruwa. Nauyin da take jawowa kuma ɗawainiya, sai ki ce rage ɗawainiyar katse hanzari.

Injiniya: Ya yi tsawo a rubutu. Kutse fa?

Ɗan Linux: Kutse ya riga ya zama na masu satar shiga kwamfutocin mutane, kullum shi ake ji a labarai, yara za su ɗauka hari ne aka kawo.

Baba Mai Ƙamus: Zunguri. Na daɗe ina faɗa, kalma ɗaya tak kuma tamu ce gangariya. Kati ya zunguri masarrafi, masarrafi ya waiwayo. Katse hanzari jimla ce, ba suna ba ce. Sannan Malama ki yi haƙuri, wannan fakiti da sigina da kati da kika jero duk ba Hausa ba ne, muna da ƙunshi muna da alama, me ya sa kullum sai mun je aro?

Injiniya: Baba ranka ya daɗe, zunguri bai ɗauko tsayawar ba, ana iya zungurar mutum ya yi banza da kai ya ci gaba da abinsa. Nan kuwa tsayawar ita ce tsadar, a adana rajistoci, wato ƙananan ma'ajiyun cikin masarrafi, a tsallaka wani wurin, abin da ke ma'ajiyar kusa ta masarrafi ya hargitse, sannan a dawo. A gigabit 10 fakiti miliyan 14.88 ne a daƙiƙa, kowanne nanodaƙiƙa 67 kacal yake da ita. Tun 1996 masu bincike Mogul da Ramakrishnan suka nuna cewa in abin ya yi yawa na'ura takan ƙare duk ƙarfinta wajen amsa kiran katin, fakiti na shigowa ana zubarwa, ba wanda ke kaiwa ga manhajar da ke jiransa. Na'urar ba ta mutu ba, kuma ba ta tsinana komai.

Malama Mai Darasi: Wannan kam aikin baban giwa zan ce musu, na samu ɗaya alhamdulillahi.

Baba Mai Ƙamus: Kun gani, ashe akwai Hausar in an so. Matsalarku kun yi karatun da Turanci sai kuke ganin duk abin da bai yi kama da shi ba ƙauyanci ne. Ai masarrafin ma yana iya ƙin kula zunguri, ba ana iya toshe shi ba?

Injiniya: Nan kam kana da gaskiya Baba, ana toshewa. Amma maganar ƙauyanci ban yarda da ita ba, da muna raina harshen da ba mu zauna nan da daddare muna wannan wahalar ba. Kuma ƙamus ɗin da ke sunanka ma ai Larabci ne, an ara ya zauna, ba wanda ya ce Hausa ta ragu.

Baba Mai Ƙamus: Aron da ya shekara ɗaruruwa daban, wanda ake kwasowa jiya saboda ƙyuya daban.

Ɗan Linux: Jama'a Malama fa gobe take da aji. Dabarun biyu ne kuma kada a cakuɗa su. Ta farko a jikin katin take, sai ya riƙe fakiti har su kai wani adadi ko wasu mikrodaƙiƙu su wuce sannan ya kira sau ɗaya, da umarnin ethtool -C na babbar manhajar Linux ake saita ta, kuma in kin tsawaita jiran kin sauƙaƙa wa masarrafi amma kin ƙara wa fakiti jinkiri, masu kiran murya ta intanet su za su fara ji a jikinsu. Ta biyu ita ce NAPI ta Linux, wadda Jamal Hadi Salim da Robert Olsson da Alexey Kuznetsov suka gabatar a 2001. Fakitin farko ne ke kira, sai direban katin, wato manhajar da ke sarrafa shi, ya toshe kiran, masarrafi ya riƙa zagayowa da kansa yana kwasa, galibi har 64 a zagaye guda, in ya zo ya tarar ba su kai haka ba sai ya sake buɗe kiran. Wannan zagayowar ni sintiri nake ce mata.

Injiniya: Sintiri ya zauna daram. Ta farkon kuma tara kira.

Baba Mai Ƙamus: Dunƙule zunguri.

Ɗan Linux: Ni tara kira bai kwanta min ba, ai fakiti ake tarawa, kiran ragewa ake yi.

Malama Mai Darasi: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga abin da zan shiga aji da shi: katse hanzari a ambaton farko, daga nan in riƙa cewa katsewa, sai ɗawainiya, sai sintiri. Fakiti zan bar shi don shi za su tarar a wurin aiki, amma zan ce musu ƙunshin bayanai ne. Ta jikin katin zan yi musu bayaninta kawai ba suna tukunna. Baba zan rubuta zunguri a allo in ji ta bakinsu.

Baba Mai Ƙamus: To shi ke nan 'yata, ba haka na so ba. Amma ki rubuta shi tun farkon darasi, kafin kunnensu ya saba da ɗayan.