Mutum 15 cikin 100 suka fita: mutanen Ingila sun ƙi zaɓen kwamishinan 'yan sanda ne, ko ba a gaya musu ba?

Alhaji Bala: Assalamu alaikum jama'a. Masu cewa a riƙa zaɓen kwamishinan 'yan sanda da ƙuri'a kamar yadda ake zaɓen ciyaman, to ga amsarku daga Ingila da Wales. Sun fara tun Nuwamban 2012, ranar zaɓen farko mutum 15 cikin 100 ne kacal suka fita, kuma a Nuwamban 2025 gwamnatinsu ta ce za ta soke kujerar gaba ɗaya in wa'adin waɗanda ke kai ya ƙare a 2028. Ni abin da na fahimta talaka bai damu da wai shi ya zaɓi mai kula da 'yan sanda ba, shi dai in ya kira a zo masa. Ƙin fitar nan da suka yi ita ce ƙuri'arsu, sun ce ba sa so.

Sadiq: Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin a yi nisa, wanda ake zaɓa a nan ba ɗan sanda ba ne, ba ya sa kaki, ba ya kama kowa. Farar hula ne da aka ɗora ya sa ido a kan rundunar yanki, shi ke naɗa babban jami'in 'yan sandan yankin kuma yana iya sauke shi, shi ke tsara kasafin kuɗi, shi ke yanke nawa za a ɗora wa mutane a harajin kansil saboda 'yan sanda. Amma ba shi da ikon cewa a kamo wane ko a saki wane, doka ta bar wannan a hannun masu kaki. Yankuna 41 aka yi zaɓen a 2012, ban da Landan saboda can magajin gari ke riƙe da aikin.

Alhaji Bala: To ai ka ƙara min hujja Sadiq. Mutumin da ke yanke harajin da za ka biya, aka ce zo ka zaɓe shi ka ƙi zuwa, me ya rage?

Malam Nura: Alhaji da girmanka amma a nan ban yarda ba sam. Mutum ba ya ƙin abin da bai san da shi ba. Duba yadda aka shirya zaɓen 2012 ɗin nan, su Ingila sun saba yin zaɓukan ƙananan hukumomi a watan Mayu, sai aka ɗauki wannan shi kaɗai aka kai shi 15 ga Nuwamba, lokacin sanyi da ruwa, ƙarfe huɗu na yamma gari ya fara duhu, sannan 'yan takarar majalisa gwamnati na kai musu takardar kamfe gida gida kyauta ta gidan waya amma waɗannan aka hana su, aka ce kowa ya shiga intanet ya nemo 'yan takararsa da kansa, tsohuwar da ba ta taɓa kwamfuta ba fa? Ga kuɗin ajiya fam 5,000 kafin ka tsaya takara, alhali na ɗan majalisa fam 500 ne. Hukumar zaɓensu da kanta da ta bincika bayan zaɓen, babban dalilin da waɗanda ba su fita ba suka bayar shi ne rashin bayani. Gwamnatin David Cameron ce ta kawo tsarin, Theresa May na ministar cikin gida, su suka haifi abin kuma su suka ƙi raɗa masa suna a gaban jama'a.

Maman Iman: Malam Nura gaskiya ka faɗi wani abu. Ni ina Birmingham, kuma mu 'yan Najeriya da Ghana da Kamaru masu takardar zama muna da damar yin zaɓe a nan saboda Commonwealth, ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, don haka na je na Mayun 2024. Rumfarmu a zauren wata firamare take, tebur ɗaya da mata biyu a zaune da rajista, sai ɗan lungun katako da fensir ɗaure da zare. Na nuna fasfo saboda yanzu sai da katin shaida mai hoto, aka miƙo min takardar magajin garin West Midlands, ita na zo dominta, sai aka ƙara min da wata ta kwamishinan 'yan sanda. Wallahi sunayen da ke kai ban taɓa jin ko ɗaya ba. Na tsaya ina kallo, ƙarshe alamar jam'iyya na bi na yi kuros. Matar da ke bayana Baturiya ce haifaffiyar unguwar, na ji tana tambayar ma'aikaciyar wai wannan ta mece ce.

Alhaji Bala: Maman Iman shekara 12 fa kenan da fara abin. In a 2012 ba a sanar ba, a 2024 ma ba a sanar ba? Sau huɗu ana zaɓen nan.

Malam Nura: Alhaji duba lambobin da kyau. 2012 kashi 15. 2016 da aka haɗa da zaɓen kansiloli da na majalisar Wales ya tashi zuwa wajen kashi 27. 2021, wanda korona ta sa aka ɗage daga 2020, ya kai wajen ɗaya bisa uku saboda zaɓuka sun taru rana ɗaya. 2024 ya sake sauka ƙasa da ɗaya bisa huɗu, kuma Wales da ta yi sama a 2016 da 2021 ita ta faɗi warwas a 2024 don ba wani zaɓe a ranar sai shi. Kenan lambar nan ba ra'ayin mutane a kan kwamishina take aunawa ba, tana auna wane zaɓe aka jingina shi da shi ne. Kuma mu nan gida zaɓen shugaban ƙasa na 2023 wajen kashi 27 ne suka fita, ba wanda ya ce tunda haka ne a soke kujerar shugaban ƙasa.

Hajiya Binta: Malam ni kuma wannan lissafin naka Alhaji ya taimaka wa. In sai an jingina shi da wani zaɓen yake tsayuwa, ai ba shi da ƙafar kansa kenan. Duk lokacin da aka bar shi shi kaɗai mutane ba sa zuwa. Zaɓen cike gurbi na West Midlands a Agustan 2014 bayan rasuwar kwamishinan yankin Bob Jones, kashi 10 da ɗan ɗoriya. A 2012 akwai rumfa guda a Newport da aka buɗe tun bakwai na safe har goma na dare ba mutum ko ɗaya da ya shigo. Wanda ya ci da rabin ƙuri'un kashi 15 fa, mutum nawa ne suka ɗora shi a zahiri? Kuma shi zai iya korar jami'in da ya shekara talatin a aiki.

Baba Garba mai ritaya: Yara ku bari in sa baki, na yi aikin nan har na ajiye kaki. Ni damuwata ba yawan masu fita ba ce, ko kashi 90 suka fita ina da ja. Su waye ke cin zaɓen? A 2012 'yan indifenda 12 suka ci, Conservative 16, Labour 13, mutane har murna suka yi wai ba siyasa. 2016 'yan indifenda suka koma 3. Daga nan jam'iyyu suka cinye abin. To ɗan jam'iyya ne ke riƙe da takardar sallamar babban jami'i, ko doka ta ce kada ya sa baki a aiki, jami'in ya san wa zai faranta wa. Mu a Arewa mun ga wannan da idonmu a hannun iyayenmu, 'yan dokan En'e a jamhuriya ta farko, yadda aka riƙa sa su kama 'yan NEPU a kan taro ko waƙa, shi ya sa bayan 1966 soja suka fara haɗe su da 'yan sandan tarayya. Ɗan sanda in ya san ubangidansa na da jam'iyya to sandarsa ma ta shiga jam'iyyar.

Sadiq: Baba Allah ya ƙara girma, amma abin da aka cire aka sa wannan ma ba wai babu siyasa a ciki ba. Da can kwamiti ne a kowane yanki, yawanci mutum 17, tara kansiloli ne na jam'iyyu, sauran naɗaɗɗu. Ba wanda ya san sunansu, ba wanda ya zaɓe su don wannan aikin. Hujjar masu kawo canjin kenan, a samu mutum ɗaya mai suna da fuska wanda in abu ya lalace za a nuna shi.

Hajiya Binta: An nuna shi sai me? Ka tuna Shaun Wright, kwamishinan South Yorkshire na lokacin. Agustan 2014 rahoton binciken Farfesa Alexis Jay ya fito cewa yara aƙalla 1,400 aka ci zarafinsu a garin Rotherham da ke yankinsa tsakanin 1997 da 2013, shi kuma kafin ya zama kwamishina shi ne kansilan da ke kula da sashen yara a garin na wasu shekaru. Firaminista ya ce ya sauka, ministar cikin gida ta ce ya sauka, jam'iyyarsa ta Labour ta ce ya sauka, ya fita daga jam'iyyar ya ci gaba da zama a kujera, kuma ba mai ikon cire shi, kwamitin da ke sa masa ido ma ba shi da wannan ikon. Sai da ya ga dama bayan wajen mako uku ya ajiye. Iyayen yaran nan suna kallo. Ni a matsayina na uwa wannan kaɗai ya ishe ni, an ba mutum ƙarfin ƙuri'a ba a ba jama'a hanyar karɓe ta ba sai bayan shekara huɗu. Kuma zaɓen da aka yi na maye gurbinsa, duk da wannan tashin hankalin, bai kai kashi 15 ba.

Malam Nura: Hajiya wannan na karɓa, rashin hanyar kiranye babban giɓi ne. Amma gyara ake yi wa giɓi. Kuma ki lura gwamnatin da ta ce za ta soke, ba cewa ta yi a mayar wa masu kaki su kula da kansu ba, aikin za a miƙa wa zaɓaɓɓun magadan gari inda ake da su, inda babu kuma shugabannin kansil. A Manchester tun 2017 haka ake yi, kuma a Disambar 2020 da masu bincike suka gano rundunar ta kasa rubuta laifuka kusan 80,000 a shekara guda, magajin garin na lokacin Andy Burnham ne ya sa babban jami'in ya sauka. Zaɓaɓɓe ne ya yi wannan. Abin da ya faɗi shi ne ware kujerar ita kaɗai, ba wai jama'a su sa ido ta hanyar wanda suka zaɓa ba.

Maman Iman: Ni dai abin da ke ci min rai, takardar harajin kansil na zuwa duk Maris, akwai layi guda an rubuta kason 'yan sanda, kusan kullum sai ya ƙaru. An fasa motar maigidana a ƙofar gida aka kwashe kayan aikinsa, muka kira, lambar rahoto kawai aka ba mu ta waya don inshora, ba wanda ya zo. A lokacin ko a raina bai zo ba cewa akwai wani da na zaɓa wanda zan iya rubuta wa. Da na sani da na rubuta, kuma da zaɓe ya zagayo da na duba me ya yi. Don haka Alhaji ni ban ƙi ba, kada a lissafa ni cikin waɗanda suka ce ba sa so.

Alhaji Bala: Na ji ki Maman Iman, Allah ya mayar da alheri. Amma ke kin je rumfa ai. Ina magana a kan mutum uku cikin huɗu da suka zauna a gida.

Baba Garba mai ritaya: Malam Nura tambaya ɗaya. Mu nan sashe na 215 na tsarin mulkin 1999 ya ce gwamna na iya ba kwamishinan 'yan sandan jiharsa umarni amma kwamishina na iya cewa sai an kai maganar gaban shugaban ƙasa tukuna, shi ya sa gwamnoni ke kukan a ba su 'yan sandan jiha. In aka bi misalinka na Manchester, gwamna ne zai riƙe naɗi da sallama da kasafi. Burnham yana da masu binciken da ba a ƙarƙashinsa suke ba, su suka fito da lambar 80,000 ɗin, ba shi ba. A jiharka wa zai fito da irin wannan lambar a kan rundunar gwamna?

Malam Nura: Baba sai an kafa masu binciken tukuna kafin a miƙa wa kowa rundunar, kuma kada gwamna ya zama shi ke naɗa su ko biyan su albashi. In ba a yi wannan ba ni ma ba na goyon baya.