Canjin wurin aiki a gidan waya, za a iya ƙi?

Dan_Bronx: Salam 'yan uwa, masu aikin gidan waya a Amurka, in aka rage ma'aikata a sashen tantance wasiƙu aka ce ka koma aikin dare ko wata cibiya, za ka iya cewa a'a?

Maman_Twins: Wslm. Kar ka kuskura ka ƙi zuwa, sai su ce ka bijire wa umarni. Ka je tukuna sannan ka nemi wakilin yuniyon ya shigar maka da ƙorafi, kwana 14 kawai gare ka fa.

Baba_Tsoho: Sashe na 12 na yarjejeniyar APWU (yuniyon ɗin ma'aikatan gidan waya a Amurka) ya yi bayani, wanda ya shigo aiki daga baya shi ake fara ɗagawa, in sun tsallake shi sun taɓa ka to akwai magana.

Dan_Bronx: Na gode Baba, ashe da tsari.