Wani gem ya sauya mini ɗan yayana, don Allah ku ba ni shawara

Baffan Yaro, Jidda:
Assalamu alaikum 'yan zaure. A yi haƙuri da tsawon rubutu, kaina ne ya ɗaure.

Akwai ɗan yayana da nake riƙo, shekararsa 16, tun rasuwar mahaifinsa yake hannuna. Yaro ne mai natsuwa, ba a taɓa kawo mini ƙararsa ba, kuma ya haddace izu talatin. Bara da ya ci jarrabawa na yi masa alkawarin PlayStation. Sabuwa ta fi ƙarfina, don a lokacin ga sabunta iƙama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, ga haya, ga motar da nake nema da ita tana gareji. Sai wata Juma'a bayan la'asar na ɗauki wani abokin aikina ɗan Sudan da ya iya ciniki muka shiga kasuwar Haraj Sawarik, muka dace da PS4 ta hannu wajen wani bawan Allah da zai koma ƙasarsu gaba ɗaya. Ya haɗo mana da hannun buga wasa guda biyu, ɗaya yana ɗan ja hagu amma yana aiki, da faya-fayai kyauta. Ba ni na zaɓe su ba, a leda ɗaya suka zo.

A cikinsu akwai The Witcher 3. Wani mai farin gashi ne yake yawo gari-gari yana farautar dodanni, yana neman 'yar riƙonsa. Da fassarar Larabci a ƙasa, shi kuma yaron Larabcin ya fi zama a bakinsa fiye da Hausa. Wani lokacin in na dawo daga aiki nakan zauna in kalla.

Matsalar ta faro daga labarin wani da ake ce wa Bloody Baron. Tsohon soja ne, mashayi, matarsa da 'yarsa sun ɓace. Kana cikin taya shi nema sai ka gano gudu suka yi saboda dukan matar yake yi, har da wani ciki da ya zube aka binne ba suna. Amma kuma shi ne ya karɓi yarinyar da kake nema tana da rauni, ya yi jinyarta ya ciyar da ita. Yana kuka yana nadama. A ƙarshe mutumin ya rataye kansa a bishiya. Na ce kai, Allah sarki. Yaron nan ko juyowa bai yi ba ya ce, "Shi ya ja wa kansa." Ban taɓa jin muryarsa haka ba.

Daga baya muna dawowa daga sallar isha'i ya ce, "Baffa, in mutum ya yi nadama, dole ne 'yarsa ta yafe masa?" Na ce wane irin zance ne wannan. Ya yi shiru. Tun daga nan ya rage magana, kuma na lura yana komawa baya yana maimaita wurin nan.

Matata ta ce a karya faifan. Ni kuma kyauta na ba shi, ga shi maraya. In na ƙwace me zan ce masa? In na bari ina tsoron zuciyarsa ta bushe. Yaya zan yi?

Ɗalibin Madina:
Wa alaikumus salam. Baffa, ni ban ga abin ɗaurewar kai ba. Duba jikin kwalin, 18 aka rubuta. Su kansu masu abin ba su ce ɗan 16 ya taɓa ba. Ga sihiri daga farko har ƙarshe, ga giya, ga mata. Ƙirjin da ke ɗauke da rabin Alƙur'ani ba wurin zuba wannan ba ne. Alkawarin na'ura ka yi, ba na wannan faifan ba. Ka cire shi ka saya masa na ƙwallo.

Abu Sadik, Riyad:
Malam, da girmanka, amma ka bar wannan wa waɗanda suka buga. Na gama wasan nan tas, har da ƙarin labaransa biyu.

Baffa, saurara da kyau, don ka karanta yaron nan a juye. Baron ba ya rataye kansa haka kawai, sai in mai wasa ya yi wani zaɓi tun kafin nan. Akwai wasu tsofaffin mayu uku a cikin fadama da ke riƙe da marayu, matar Baron kuma tana yi musu bauta. Za su aike ka ka kashe wani aljani da ke ɗaure a cikin bishiya. Aljanin zai ce maka, sake ni in ceci yaran. In ka kashe shi, mayun za su tafi da marayun, ba za ka sake ganinsu ba, amma matar ta rayu, sai dai hankalinta ya taɓu, Baron ya ɗauke ta ya tafi neman mata magani. In ka sake shi, marayun sun tsira, amma zai afka wa wani ƙauye ya hallaka mutane, mayun su huce a kan matar ta mutu, shi kuma Baron ya rataye kansa.

To ka ga tunda ya mutu a wasan ɗanka, ma'ana yaron marayu ya zaɓa ya ceta. Ina bushewar zuciya a nan? Komawar da yake yi kuma, hanyar da kowa zai tsira yake nema. Duk mun yi haka. Da gangan suka gina shi ta yadda duk inda ka bi sai wani ya cutu, kuma ba za ka ga sakamakon ba sai ka yi nisa, lokacin da gyara ya wuce. Kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Polan ne ya fitar da shi a 2015, daga littattafan wani marubucinsu, Andrzej Sapkowski. Mutanen da ƙasarsu ta sha mamaya ba sa rubuta yaƙi kamar tatsuniyar yara. Kada ka taɓa faifan nan.

Maman Walid, Makka:
Hmm. Ku kuna maganar yaro, ni babba ne ya gagare ni. Baban Walid da ya dawo daga aiki sai ya miƙe a falo da ƙwallo har biyun dare, yana ihu da wasu ƙatti ta cikin abin kunne. In na yi magana ya ce ai ya fi yawon banza. Ranar da Walid ya yi zazzaɓi sai da ya ce in bari a tashi wasa. Don haka Malam da ka ce a saya na ƙwallo, wallahi ba gyara ba ne, sauya cuta ne. Ni da za a bi tawa a haɗa na'urorin nan duka a zuba a Bahar Maliya.

Hajiya ta Sharar Mansur:
Ɗana, na karanta har da hannun da ke ja hagu, amma ban ga inda ka ambaci uwar yaron ba. Tana raye?

Baffan Yaro, Jidda:
Hajiya tana nan lafiya a gida Najeriya, ta yi wani auren. Ba shi ne zancen ba. Malam, maganar 18 ɗin nan, yaran unguwarmu 'yan 12 suna buga waɗanda suka fi wannan muni a waya, gara nawa yana falo ina ganinsa. Kuma ni tunda nake zama ban ga tsiraici ba. Abu Sadik na gode, amma ko marayun ya ceta, ai bai kamata a ce mutum ya mutu ka ce shi ya ja ba.

Direban Dammam:
Duk laifin zaman nan ne. Yaranmu sun tashi ba kaka, ba dandali, ba mai yi musu Gizo da Ƙoƙi, sai allo. Ni tun da aka kawo kuɗin iyali a 2017, wato wanda baƙi ke biya a kan iyalan da ke zaune da su, aka fara da riyal 100 duk wata a kan kowane kai har ya kai 400, na tattara nawa na mayar Kano. Na ji zafi a lokacin, yanzu kuwa babban har noma ya iya. Kafilina ma da na nemi ya ƙara mini ko ɗari biyu ce mini ya yi in ban so ga hanya nan, shekara da shekaru ina ja masa mota. Ka mayar da yaro gida wajen dangi, gem zai fita daga kansa da kansa.

Abu Sadik, Riyad:
A Kanon babu gidajen gem ne? Alhaji bar wannan zancen.

Baffa, abin da ya sa ba ka ga tsiraici ba, kwafin da aka sayar a yankin nan an rufe waɗannan wuraren, ba kamar na Turai ba. Wannan ya rage wa Malam hujja ɗaya. Na ƙwallon kuma Maman Walid ta yi gaskiya, can ne ake zagin iyaye da baƙi, ana sa kuɗi ana buɗe katin 'yan wasa ba ka san wanda zai fito ba. Witcher shi kaɗai yake bugawa, ba wanda ke masa magana.

Kuma duk manyan irin wannan haka suke. A Skyrim na 2011 yaƙin basasa ne, ɓangare ɗaya na kare addininsa amma yana wulaƙanta baƙin da ke zaune a garinsa, ɗayan yana da tsari amma ya sarayar da addinin mutane don ya zauna lafiya da abokan gaba. Zaɓi ɗaya ka gani. Mu da muke zaman iƙama mun san wanda ya fi ba mu haushi. Elden Ring na 2022 ma ba wanda zai ce maka ga na kirki ga mugu. Ƙasar da muke ciki ta karɓi gasar gem ta duniya a nan Riyad a 2024, ku kuna maganar karya faifai.

Abu na ƙarshe, kuma kai ya shafa. Ƙarshen wasan ya dogara ne da yadda mai farin gashin ya riƙi 'yar riƙonsa, Ciri. In ya bar ta ta shiga ganawa da manyan matsafa ita kaɗai, ya raka ta kabarin wanda ya taimake ta, ya bar ta ta huce fushinta, tana dawowa da rai. In ya riƙa tare mata komai yana cewa ki kwantar da hankali, rasa ta yake yi. Ka zauna ku ƙarasa tare. Ko a Suratul Kahfi ai Annabi Musa ya ga abubuwan da zahirinsu ya tayar masa da hankali a tafiyarsa da Halliru.

Ɗalibin Madina:
Subhanallah. Abu Sadik ka ji tsoron Allah, kada ka jera ƙissar Alƙur'ani da wasan matsafa. Wancan wahayi ne, kuma an bayyana hikimarsa a ƙarshen ƙissar. Naku kuwa cewa yake yi babu daidai babu kuskure, kowa da uzurinsa, kuma wannan ya fi tsiraicin haɗari a wajena.

Amma Baffa, tambayar yaron tana da amsa, kuma bai kamata a ce masa wane irin zance ba. Tuba tsakanin bawa da Ubangijinsa daban, haƙƙin wanda aka zalunta daban. Nadama ba ta sauke haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe. Yafiya falala ce babba, an kwaɗaitar da ita, amma ba a tilasta wa wanda aka cuta. Duk da haka haƙƙin mahaifi na addu'a bai faɗi ba. Ka faɗa masa wannan, sannan ka cire faifan.

Baffan Yaro, Jidda:
Malam ai ba tambayar fiƙihu ya yi ba, labarin gem yake yi. 'Yar mutumin ce a ciki ta ƙi yafe wa ubanta. Kuma don Allah kada a haɗa Yaya da wancan mashayin. Yaya mutum ne mai zafi, kowa ya sani, amma ko sigari bai taɓa sha ba, shi ya kawo ni ƙasar nan, shi ya yi mini aure. Abin da ke tsakanin miji da mata sai su. Yaron ma shekararsa bakwai a lokacin, me ya sani?

Hajiya ta Sharar Mansur:
Ɗana, duk zauren nan babu wanda ya ambaci yayanka sai kai. Ɗan shekara bakwai kuwa ba abin da ba ya gani. Yana waya da uwarsa?

Maman Walid, Makka:
Hajiya kin taɓo inda yake. Ni ma a gidanmu haka aka yi ta cewa mu yara ne, har yau in na ji an buga ƙofa da ƙarfi sai gabana ya faɗi. Ba wanda ya taɓa zama da mu. Dangin uba kullum nasu ne mai gaskiya.

Baffan Yaro, Jidda:
Ni shawarar gem na nema, ba tonon zancen wanda ke kabari ba. Suna waya da sallah, ban taɓa hana shi ba. Na ciyar da yaron nan na tufatar da shi kamar na cikina, ba wanda zai ce na rage shi da komai. Yanzu dai na ɗauke faifan na sa a mota, na ce masa zan kai a goge ne don yana da ƙarce. Juma'a zan kai shi Umra, in ya sha iska ƙila ya ware.

Abu Sadik, Riyad:
Kash. To yanzu ka haɗa biyu, ƙwace da kuma zancen da ya san ba haka ba ne, don shi ke riƙe faifan kullum. Kuma duk ƙarshen labarin nan yana YouTube, da wayarsa zai kalla a ƙarƙashin bargo. Mayar masa yau.

Ɗalibin Madina:
Kada ka mayar. Amma ka gaya masa gaskiyar dalili.

Direban Dammam:
Ni dai na faɗi tawa, tikitin Kano ya fi duk wannan sauƙi.

Maman Walid, Makka:
Abu Sadik, an ce akwai inda ake saita wa na'urar lokaci ta kashe kanta. Yana yi a kan asusun babba ko sai na yara?

Abu Sadik, Riyad:
Na yara kawai, Hajiya, kuma sai mai babban asusun ya saita. Malam, ka ce wasan yana koyar da babu daidai babu kuskure. A wane wuri? Kawo mini wuri ɗaya.