Tayin aikin koyarwa daga wata jami'a a Dubai: in nemi ƙari ko in sa hannu?

Malamin Sinadarai, Asawase

Assalamu alaikum. Ina koyar da ilimin sinadarai a wata jami'ar gwamnati a nan Kumasi, kuma wata jami'a mai zaman kanta a Dubai ta aiko mini da takardar tayin aiki na kwangilar shekara uku, bayan ganawar da muka yi ta intanet. Sun kasa kuɗin kashi uku, wato asalin albashi, alawus na gida da alawus na sufuri, kuma asalin albashin da kaɗan ya haura rabin jimlar. An ambaci tikitin jirgi sau ɗaya a shekara ba tare da an fayyace ko har da iyali ba, sannan ba a ce uffan kan kuɗin makaranta ba, alhali ina da yara uku. A nan gida ba mu saba da ciniki kan albashi ba, domin ƙungiyar malaman jami'o'in Ghana, UTAG, ce take zama da gwamnati a madadinmu, kowa ya karɓi abin da matakinsa ya tanadar masa. Shin neman ƙari ba zai sa su janye tayin ba? Idan kuma ana nema, a kan me ya kamata in tsaya?

Baba Injiniya, Aboabo

Wa alaikumus salam, Dakta, Allah ya sanya alheri. Na koyar a yankin Gulf kafin in dawo gida, kuma abu na farko da zan roƙe ka shi ne ka daina juya kuɗin zuwa sidi, kuɗinmu na Ghana, a cikin ranka, domin ba a Kumasi za ka kashe shi ba. Gaskiya ne ba a cire harajin albashi a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, kuma dirhami a ɗaure yake da dala a kan kimanin 3.67, wanda ba ƙaramin kwanciyar hankali ba ne ga wanda ya ga yadda sidi ya zube a 2022. Amma haya da makaranta su ne suke lashe albashin baƙo a can.

Rabon nan da suka yi ba a banza suka yi shi ba. A dokar ƙwadago ta ƙasar, wadda ta fara aiki a watan Fabrairun 2022, kuɗin sallama da ake biyan baƙo idan ya kammala aiki ana lissafa shi ne a kan asalin albashi kaɗai, ban da alawus: ladan kwana 21 a kowace shekara cikin shekaru biyar na farko, sannan ladan kwana 30 a kowace shekara bayan haka. A ce asalin albashinka dirhami 12,000 ne, sallamar kowace shekara za ta kama 8,400. Idan kuwa aka mayar da shi 15,000 aka rage alawus, jimlar wata ba ta canza ba, amma sallamar ta zama 10,500. Tun da baƙo ba shi da fansho a can, wannan kuɗin shi ne madadinsa. Saboda haka, ko da sun ce ba za su ƙara ko dirhami ɗaya a kan jimlar ba, ka nemi a gyara rabon.

Maganar makaranta kuwa ta fi wannan nauyi. 'Ya'yan baƙi galibi makarantun kuɗi suke zuwa, kuma hukumar KHDA mai kula da makarantun Dubai tana wallafa kuɗin kowace makaranta da matsayin da masu duba suka ba ta. Ka buɗe shafinta, ka zaɓi makaranta mai matsakaicin kuɗi wadda take bin tsarin Ingila, tun da ya fi kusa da namu, ka ninka sau uku, ka haɗa da kuɗin mota da yunifom da littattafai, sannan ka cire daga albashin shekara. Abin da ya saura shi ne tayin da aka yi maka a zahiri. Jami'o'i da dama suna biyan wani kaso, sau da yawa da iyaka kan adadin yara, amma wanda bai tambaya ba ba lallai ne a tuna masa ba.

Ka kuma tambayi inshorar lafiya. A Dubai doka ta ɗora wa mai ɗaukar aiki inshorar ma'aikaci ne, ta iyali kuwa tana wuyan wanda ya kawo su, saɓanin Abu Dhabi inda ake haɗawa da mata da yara har uku. Haya kuma da ceki ake biyanta tun kafin a shiga gida, sau da yawa kashi ɗaya zuwa huɗu a shekara, don haka ka nemi a ba ka masauki na watan farko da wani ɓangare na alawus ɗin gida tun da wuri.

Hajiya Malama, daga Nima, yanzu a Ingila

Baba ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina so in ɗan ja hankalin masu karatu kada a ɗauka ko'ina haka abin yake. A Ingila akasarin jami'o'i suna bin ma'aunin albashi na ƙasa mai matakai, wanda ƙungiyar masu ɗaukar aiki ta UCEA take tattaunawa a kansa da ƙungiyoyin ma'aikata irin su UCU. A nan ba adadin kuɗi ake nema ba, matakin da za a ɗora mutum ake nema, kuma hujjar ita ce shekarun koyarwa da maƙalun da ya wallafa. Abin da yake karya mutanenmu shi ne kuɗin biza da kuɗin lafiya na baƙi, wanda tun Fabrairun 2024 ya kai fam 1,035 a shekara ga babba da fam 776 ga yaro, kuma ana biyan na dukan shekarun bizar a dunƙule. Wasu jami'o'in suna mayar wa ma'aikaci nasa, wasu kuma rance suke bayarwa don na iyali. A Amurka ma, albashin da aka rubuta sau da yawa na wata tara ne, ba na shekara ba.

Game da tsoronka, Malam, ban ga dalilinsa ba muddin ka yi magana cikin ladabi. Sun riga sun kashe lokaci sun tantance mutane sun zaɓe ka. Sai dai wannan ba cinikin kasuwar Kejetia ba ne, inda za a yi ta albarka ana komowa. Wasiƙa ɗaya za ka rubuta: ka yi godiya, ka nuna kana son aikin, ka kawo buƙatu uku ko huɗu tare da dalilin kowace, kuma kada ka ƙirƙiro wani tayin da ba ka da shi don ka tsorata su, domin duniyar malaman jami'a ƙarama ce. Ka haɗa da yawan darussan da za ka koyar a kowane zangon karatu, saboda malamin kimiyya da aka cika wa mako da aji, ba ɗakin gwaji, zai dawo gida bayan shekara uku ba shi da abin da zai nemi ƙarin girma da shi.

Abokin aiki, Madina

Dakta, kafin ka sa hannu a can ka gyara ƙofar gida. Ka je ofishin rajistara ka ji ko hutu ba albashi za a ba ka da kuma tsawonsa, kada ka yi gaggawar ajiye aiki, musamman da yake dokar can ta yarda da lokacin gwaji har wata shida. Idan ka taɓa cin hutun karatu ko na bincike da albashi, ka duba ko akwai sauran shekarun da ka yi alkawarin yi wa jami'ar. Ka kuma tambayi abin da zai faru da gudummawarka ta fansho a asusun GUSSS ko SSNIT a tsawon lokacin da ba ka nan.

Malamin Sinadarai, Asawase

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, shugaban tsangayar ya faɗa mini a waya cewa maganar makaranta ba matsala ba ce, za a duba idan na iso. In ɗauki wannan a matsayin alkawari?

Baba Injiniya, Aboabo

A'a, ƙanena. Mai yiwuwa da zuciya ɗaya ya faɗa, amma ba shi ne yake biyan kuɗi ba, kuma yana iya barin kujerar kafin yaranka su gama zango ɗaya. Ofishin kula da ma'aikata abin da ke rubuce kawai yake bi. Ka aika masa da imel yau, ka maimaita abin da ya faɗa, ka roƙi a shigar da shi cikin sabuwar takardar tayi da adadin kuɗin da adadin yaran, haka ma tikitin iyali daga Accra. Idan kwangilar ta zo da Larabci da Turanci, ka kai wa wani daga cikin malamanmu na zango da suka yi karatu a ƙasashen Larabawa ya karanta maka ɓangaren Larabcin layi-layi, domin idan aka sami saɓani, shi kotun can take bi.