Ƙanena ya maƙale a Jamus kan rajistar adireshi, ina mafita?

Assalamu alaikum. Daga Samaru nake rubutu, musamman ga malamanmu na nan Zariya da suka yi karatu a Jamus.

Ƙanena ya tafi Munich yin digirin digirgir, jami'ar ce za ta riƙa biyansa albashi. Dokarsu ta ce duk wanda ya tare a gida ya yi rajistar adireshi a ofishin hukumar gari cikin kwana 14, kuma sai da takardar shaida daga mai gidan. To shi a ɗakin wani ɗalibi yake raɓe, katifa a ƙasa, kayansa na cikin akwati har yanzu, mai gidan kuwa ya ƙi sa hannu. Sai an yi rajistar ake aiko lambar haraji. Bankin da ya je ma takardar rajistar suka nema. Masu ba da haya kuma shaidar albashi suke so, ga gidajen garin da ɗan karen tsada.

Kullum Hajiya sai ta tambaye ni, na rasa abin faɗa mata.

Shin takardar ɗaukarsa aiki kaɗai za ta gamsar da mai haya? Akwai bankin da ke buɗe asusu da fasfo kawai? Don Allah a taimaka.