Yaya ake mayar da sharar kicin taki ba tare da wari ba?

Mai tambaya: Assalamu alaikum jama'a. Ɓawon doya, ɓawon ayaba da ragowar ganye kullum a bola suke ƙarewa. Ta yaya ake mayar da su taki a gida ba a dami maƙwabta ba?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam. Haƙa rami a inuwa, zurfin rabin mita. Fara shimfiɗa busasshen ganye ko kara, ka zuba sharar, ka rufe da busasshe. Kwano biyu na busasshe, ɗaya na ɗanye. Barbaɗa kashin awaki kaɗan, ka riƙa juyawa duk mako biyu. Cikin wata uku zai nuna.

Amsa ta 2: Malam, warin nan laima ce ke kawo shi, domin ruwa yana toshe iska. Damƙi takin a hannunka. In ruwa ya ɗiga, ƙara ɓuntun shinkafa. In ya wargaje, yayyafa ruwa. Da hunturu kuwa sai an lulluɓe da tsohon buhu, in ba haka ba ya bushe ƙayau.

Amsa ta 3: Ban da nama, ƙashi da miya mai maiƙo, ɓeraye suke gayyatowa. A tsince leda ma.